Titin na Abuja, Kasuwar ta Ƙaramar Hukuma: Tarihin Cunkoson Potiskum

Yau ina so mu ɗan koma baya mu dubi wata matsala da kowa ke kuka da ita a Potiskum da ƙauyukan da ke kewaye da ita, wato cunkoson manyan motoci da kasa kaya a bakin titi, da kuma tambayar da ke biyo bayan kowane haɗari: shin wa ke da alhakin gyara wannan al'amari? Mafi yawanmu da an taɓa mu sai mu ce ciyaman, ko mu ce kansila. Su kuma idan aka same su sai su ce ai titin ba nasu ba ne. Abin mamakin shi ne kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, kuma ba za a gane dalili ba sai an bi tarihin yadda aka rarraba iko a kan wannan titi tun zamanin En'e har zuwa yau. Mu Hausawan da kasuwa ta kawo iyayenmu da kakanninmu garin nan, maganar ta fi shafarmu, domin rumfunanmu ne a bakin titin, kayanmu ne a cikin motocin, kuma 'ya'yanmu ne ke tsallakawa.

Garin da jirgin ƙasa ya tsallake

Kafin zuwan Turawa wannan yanki ƙasar Ngizimawa ce da Karekare, Bolewa kuma suna da sarautarsu a Fika, kudu da nan. Da Turawan Ingila suka kama Barno a 1902, sai suka shiga haɗa ƙananan sarautu a ƙarƙashin manya domin sauƙin karɓar haraji, a haka ƙasar Potiskum ta shiga ƙarƙashin Masarautar Fika. A 1924 aka ɗauke hedikwatar masarautar daga garin Fika aka dawo da ita Potiskum, saboda nan ne babbar hanyar da ta haɗa Barno da yamma ta ratsa, nan ne kuma Di'o yake zaune. Ashe ke nan tun farko hanya ce ta jawo mulki zuwa garin nan.

Abu na biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne labarin jirgin ƙasa. Layin dogo da ya taso daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya bi ta arewa da mu. Wanda aka ja daga Kuru kusa da Jos ya bi ta Bauchi da Gombe da Buni Yadi, ya isa Maiduguri a 1964, shi kuma ya bi ta kudu da mu. Potiskum ta zauna a tsakiya babu tashar jirgi. Duk gyaɗa da gero da wake da fata da za su fita daga nan, sai dai a ɗora su a mota. Wannan rashi shi ne ya zamo arzikin garin, domin ya tilasta wa mutanen nan koyon harkar mota tun da wuri, daga gingimari mai bodin katako har zuwa tirelar yau. Shi ya sa ko a Legas ko Fatakwal ka ambaci Fataskum a tashar manyan motoci, za ka sami wanda zai amsa.

Ga shi kuma hanyoyi biyar ne suka haɗu a nan: ta Azare zuwa Kano, ta Kari da Darazo zuwa Bauchi da Jos, ta Damaturu zuwa Maiduguri, ta Jakusko zuwa Gashuwa, sai ta Fika da Ngalda zuwa Gombe. Inda hanya ta haɗu kuwa dole kasuwa ta ci, inda kasuwa ta ci dole Bahaushe ya sauke kaya. Fatake da mahauta da dillalan shanu da 'yan koli daga ƙasar Kano da Haɗeja da Katagum da Katsina suka yi ta zuwa suna zama, har yau ɗaya daga cikin mazaɓun kansila goma na ƙaramar hukumar sunanta Hausawa/Asibiti. Kasuwar shanun da ke ci ranar Laraba ta girma har ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma.

Lokacin da iko ke hannu ɗaya

A zamanin En'e abubuwa da yawa suna dunƙule ne wuri guda. En'e ke da baitulmali inda haraji da jangali da kuɗin kasuwa suke shiga. Ita ke da 'yan doka, ita ke da kotun alƙali, ita ke da gidan yari, ita ke da ma'aikatar ayyuka mai gyara ƙananan hanyoyi da kwalbatoci. Sarkin kasuwa da sarkin pawa da sarkin tasha duk suna da wanda suke amsa wa. Manyan hanyoyi dai tun a wancan lokaci na gwamnati ne, domin Turawa sun kasa hanyoyi kashi uku, na gwamnatin tsakiya da na jihar Arewa da na En'e. Amma idan mutum ya kafa rumfa inda ba a so, ko direba ya tsaya inda aka hana, umarni ɗaya daga fada ya isa, ɗan doka ya zo ya tashe shi, alƙali ya ci shi tara, tarar ta shiga baitulmalin da zai gyara wurin.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yabon wancan zamani ne. Talaka ba shi da bakin magana a cikinsa. Bayan damina dagatai kan fito da mutane su share hanya ba tare da an biya su abin kirki ba, kuma irin wannan danniya ce ta sa jam'iyyar NEPU ta sami magoya baya a garuruwan Arewa cikin shekarun 1950, musamman a tsakanin ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'a. Sannan motocin wancan lokaci ba su taka kara sun karya ba. Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne, mai kasuwar da mai hukuncin da mai asusun duk hukuma ɗaya ce, kowa ya san ƙofar da zai buga.

Wannan tsari ya fara warwarewa ne bayan juyin mulkin 1966. A 1967 aka yanka jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, kuma kafin shekarun 1960 su ƙare an fara karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, aka mayar da kotuna ga jiha, 'yan doka kuma aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. Daga nan hukumar gida ta rasa sandarta.

Gyaran 1976 da abin da ya biyo baya

A 1976 gwamnatin soja ta kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, aka fara da guda 301, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara. A shekarar ce aka kafa jihar Barno, a shekarar ce kuma sarautar Mai Fika Muhammadu ɗan Idrissa ta zo ƙarshe, shi da ya hau tun 1922, wanda a zamaninsa aka dawo da fada Potiskum. Sai ga shi wannan sauyi ya faɗo daidai lokacin da kuɗin man fetur ya cika ƙasa da motoci, jirgin ƙasa kuma ya fara ja da baya, kayan da a da dogo ke ɗauka suka dawo kan kwalta. Nauyin titi ya ƙaru a lokacin da ikon hukumar gida ya ragu.

Daga nan masu hannu a harkar titi suka yi ta yawa. A 1978 aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda a hankali ta zama ita ke tafiyar da lodi da layi a tashoshin mota. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kiyaye haɗurra, FRSC. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke jihar Yobe daga Barno aka sa hedikwata a Damaturu, kimanin kilomita 100 daga nan. Ƙasar da a da take ƙarƙashin En'e ɗaya ta rabu zuwa ƙananan hukumomin Potiskum da Nangere da Fika. Sarautu ma suka rabu: Gwamna Bukar Abba Ibrahim ya ƙirƙiro sababbin masarautu a 1993, soja suka soke, ya sake dawo da su ranar 6 ga Janairu 2000, har da Masarautar Pataskum da ta Tikau. A 2002 aka kafa FERMA domin facin hanyoyin tarayya, daga baya kuma gwamnatin jiha ta kafa tata hukumar kula da zirga-zirga, YOROTA.

To, yanzu mai karatu ya lissafa da kansa. Tirela guda da ta tsaya a bakin titi ranar Laraba tana jiran lodin shanu, kwaltar da take kai ta gwamnatin tarayya ce, lambarta da takardunta sun shafi jiha da FRSC, direbanta ɗan ƙungiya ne, mai ita yana cikin ƙungiyar masu manyan motoci, kasuwar da take jira kuma ita ce ta shafi ƙaramar hukuma. Ruwa ba ya tsami banza.

Me doka ta ba kansila?

Tsarin mulkin 1999 ya fayyace wannan rabo. Gina hanyoyin tarayya da gyaransu da kuma dokar tuƙi a kansu duk suna cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke da iko da su. A ƙa'idar hanyoyin tarayya kuma, fili mai faɗin mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, wato ƙafa 150, na titin ne, ba a yarda a yi gini a ciki ba. Duk wanda ya san bakin titunanmu ya san shaguna da rumfuna nawa ne ke cikin wannan fili.

A ɗaya ɓangaren, jadawali na huɗu na tsarin mulkin ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. Daga ciki akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da gidajen bahaya da kula da su, da ba da lasin keke da amalanke da baro da kura, da gyaran titunan cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, da kwashe shara, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da sa ido a kan shaguna da kes-kes da allunan talla. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta zo ta ƙara bayani a kan kuɗin shiga: ta ba ƙaramar hukuma kuɗin tasha da kuɗin shago da tarar ajiye mota inda bai dace ba, da kuɗin kasuwa, in ban da kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki. Ta kuma hana kowa datse hanya da sunan karɓar haraji.

Idan aka duba da kyau za a ga cewa kusan duk abin da ke haddasa cunkoso yana cikin wannan jeri. Titin da kansa bai cika cushewa haka kawai ba. Abin da ke cushe shi shi ne lodi da saukale a bakinsa saboda tasha ta yi kaɗan, da mai tebur da ya matso gaba saboda a cikin kasuwa ba ya ganin mai saye, da baro da amalanke da suke bin hannun da suka ga dama, da magudanar da ta toshe har ruwa ya ci gefen kwalta. Saboda haka idan kansila ya ce titin ba nasa ba ne ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa.

Sai dai a yi masa adalci ta fuskar kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, har da 17 na Yobe, kasonsu a asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin ɗari, amma sashe na 162 na tsarin mulki ya sa kuɗin ya riƙa bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Shekara da shekaru a jihohi da dama gwamnoni ne ke yanke abin da zai isa sakatariya, sau da yawa ma kantomomi suke naɗawa a maimakon zaɓe. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Yanke hukunci daban, aiwatar da shi daban, amma dai hujjar nan ta "ba mu da ko sisi" ta fara samun mai ƙalubalantarta. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 205,876 ne a ƙaramar hukumar Potiskum, a cikin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 559 kacal. Wuri kaɗan ne, jama'a da yawa, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake ta yi.

Tagwayen titi da mutanen ƙauye

A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, aka kasa ta kashi biyar. Kashi na uku shi ne Azare zuwa Potiskum, na huɗu kuma Potiskum zuwa Damaturu. Aikin ya yi ta jan ƙafa, har sai a ƙarshen 2021 aka buɗe kashin Azare zuwa Potiskum a hukumance, bayan an tallafa masa da kuɗin Sukuk. Babu mai musun amfaninsa. Tafiya ta ragu, karon gaba da gaba ya ragu, kayan gwari na isa kasuwa kafin su lalace.

Amma titi mai kyau yana zuwa da tasa fitinar, kuma mutanen ƙauye ne suka fi ɗanɗanarta. A cikin gari cunkoso kan tilasta wa direba rage gudu. A ƙauye irin Mamudo, da ke kan hanyar Damaturu, ko garuruwan da ke gaba irin Damagum da Ngelzarma a ƙaramar hukumar Fune, titi ne shimfiɗaɗɗe ya ratsa tsakiyar jama'a. Gida na wannan gefe, gona ko makaranta ko rijiya na wancan gefe. Yaron da a da zai tsallaka hannu ɗaya yanzu hannu biyu zai tsallaka, makiyayi da garkensa haka, mai amalanken shanu haka. Ranar kasuwa kuma masu saye da sayarwa kan malalo har kan kwalta.

Abin da aka saba gani a ƙauyukan bakin titi a duk Arewa shi ne, idan mota ta kaɗe mutum sai matasa su fusata su tara ƙasa da duwatsu su yi tudun rage gudu da kansu. Tudun ba shi da fenti ba shi da alama, da dare sai ya zama shi ne sanadin wani haɗarin. Hukumar tarayya ta ce ba ta ba da izini ba, ƙaramar hukuma ta ce ba hurumin ta ba ne, dagaci kuma ba shi da abin yi sai rarrashi. Alhali kuwa matsar da kasuwar ƙauye baya daga bakin titi, da ware wurin tsayawar mota, aikin ƙaramar hukuma ne tsantsa, ba ya bukatar izinin kowa daga Abuja.

Shekarun tashin hankali

Ba za a yi tarihin titin nan a tsallake shekarun Boko Haram ba. A watan Mayu 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu suka kashe mutum fiye da 30. A watan Mayu 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, a watan Yuli na shekarar aka kai hari makarantar sakandare ta Mamudo, a watan Fabrairu 2015 kuma bom ya tashi a Tashar Ɗan Barno. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A waɗannan shekaru shingen jami'an tsaro ne ke yanke inda mota za ta tsaya da lokacin da za ta wuce. An hana hawa babur kusan shekara goma kafin a sassauta, Keke Napep ta cika gurbinsa, kuma keke ta fi babur cin wuri a titi. Duk waɗannan matakai daga sama suka zo, kuma dole ce ta kawo su, amma sun ƙara saba wa mutane da tunanin cewa sakatariyar ƙaramar hukuma wurin biyan albashi ne kawai. Da aka sami sauƙi ma, manyan ayyukan da suka shafi cunkoso, irin tashar tireloli da kasuwar zamani, gwamnatin jiha ce ƙarƙashin Mai Mala Buni, wanda ya hau a 2019, ta ɗauki nauyinsu.

Namu kason

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Da yawa daga cikin iyayenmu sun ɗauki harkar ƙaramar hukuma a matsayin ta 'yan ƙasa, suna cewa mu kasuwa ce ta kawo mu, a ba mu lafiya mu nemi abinci. Wannan kawaici yana da kyau ta wajen girmama masu gari, kuma babu mai cewa mu tsoma baki a maganar sarautar da ba tamu ba. Amma maganar tasha da kasuwa da magudana daban take. Duk wanda ya yi rajistar zaɓe a mazaɓarsa yana da ƙuri'a a kan kansila, duk wanda ke biyan kuɗin rumfa yana da haƙƙin tambayar inda kuɗin ya tafi.

Abin da nake ganin za mu iya, ba tare da jiran kowa ba, shi ne kamar haka. Na farko, duk kuɗin da za mu biya a kasuwa ko a tasha mu karɓi rasit mu adana, domin da shi ne ƙungiyar 'yan kasuwa za ta iya lissafa abin da take zubawa a shekara, ta je da shi gaban majalisar kansiloli. Na biyu, shugabannin kasuwa da na direbobi da masu manyan motoci su zauna da kansilolin mazaɓun da abin ya shafa, a tsayar da wurin lodi da lokacin lodi na ranar Laraba, majalisa ta mayar da shi doka a rubuce. Na uku, abin da ya shafi kwalta, kamar alamar tsallakawa da tudun rage gudu na ƙa'ida a gaban makarantun ƙauye, a sa ƙaramar hukuma ta rubuta wa ofishin ayyuka na tarayya da FRSC takarda da sunan jama'a, a riƙe kwafi, a riƙa bibiya. Na huɗu, wanda ya fi wuya, mu ja teburanmu baya. Ba zai yiwu mu kasa kaya a kan kwalta da safe, da yamma kuma mu zagi ciyaman saboda titi ya cushe ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ikon da En'e ta riƙe a hannu ɗaya ya riga ya rarrabu, ba kuma zai sake dunƙulewa ba. Abin da ya rage shi ne a san ƙofar da ta dace da kowace buƙata, a kuma yi ta bugawa har a buɗe. Ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce ta kansila, kuma abin da ke hannunsa ya fi yadda shi da mu muke zato. Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da Potiskum da jihar Yobe lafiya.